Kundin aiki: gyaran rumbun bayanan aro daga layin umarni

Litinin, 3 ga Maris 2025

Yau aka damƙa mini rumbun bayanan ɗakin karatu, haɗe da kalmar sirri da tarin ƙorafi. Rumbun na PostgreSQL ne, wato manhajar adana bayanai a tebura, siga ta 16, kuma manyan teburansa uku ne: `littattafai`, `masu_aro`, sai `aro` da ke haɗa su, wato wane ne ya ɗauki wane littafi, yaushe, ya dawo da shi ko har yanzu yana hannunsa. Ƙorafin bai wuce abu uku ba. Mutum ɗaya sai a same shi da rajista biyu ko uku. Littattafan da suka daɗe da komawa kanta, rumbu na nan yana rantsuwa suna waje. Rahoton ƙarshen mako kuma da hannu ake haɗa shi.

A baya da manhaja mai tagogi da maɓallai ake yin gyara, a danna linzami a kan layi a sauya abin da ke ciki. Ba ni da ƙiyayya da wannan hanya, sai dai ba ta barin sawu. Na tambayi me aka taɓa a watan jiya, babu wanda ya iya faɗa mini. Don haka na yanke cewa duk abin da zan yi, ta `psql`, manhajar da ake buga wa PostgreSQL umarni da ita, zan yi shi, a rubuce, yadda gobe zan iya komawa in ga abin da hannuna ya aikata. Dama ita sabar, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta, ba ta da komai sai baƙin allo, ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ake shigarta.

Yau kallo kawai na yi. `\dt` ya jero mini tebura, `\d aro` ya nuna ginshiƙansa da abin da ke ɗaure da shi. Na kunna `\x auto` saboda teburin `masu_aro` yana da faɗi, layukansa suna naɗewa a allo har ido ya kasa bin su. Ban rubuta `UPDATE` ko ɗaya ba.

Laraba, 5 ga Maris

Kwafin ajiya tukuna. `pg_dump -Fc` ya ƙi aiki daga kwamfutata, ashe nawa tsohon yayi ne, kuma `pg_dump` ba ya yarda ya kwashe sabar da sigarta ta fi tasa sabunta. Na sabunta shi, ya wuce. Daga nan na buɗe sabon rumbu mai suna `aro_gwaji`, na zuba kwafin ciki da `pg_restore`. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ni ban ɗauke shi kwafi ba, fayil ne kawai da ake kyautata wa zato.

Na kuma daina buga kalmar sirri a layin umarni. Duk abin da aka buga a nan yana zama cikin tarihin umarni, wani lokacin ma mai duba jerin ayyukan da ke gudana a kwamfutar zai iya hango shi. Na sa ta cikin `~/.pgpass`, layi ɗaya: adireshin saba, ƙofa 5432, sunan rumbu, sunan mai shiga, kalmar sirri, ruwa biyu na raba su. Da farko `psql` ya yi biris da fayil ɗin, ya ce izininsa ya yi sakaci. Sai da na yi masa `chmod 600` sannan ya kula shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau na yi ɓarna, kuma Allah ya sa a rumbun gwaji ne.

Ina so in rufe rajistar waɗanda ba su ari komai ba tun kafin 2020. Na rubuta umarnin a wani fayil, layi biyu, na kwafo na manna a `psql`:

```
UPDATE masu_aro SET matsayi = 'rufe';
WHERE aron_karshe < '2020-01-01';
```

Dubi ƙarshen layin farko. Waƙafi mai ruwa ne zaune a wurin, ragowar wani gyara da na yi ina sauri. A wurin `psql` wannan alama ita ce "na gama magana, aika". Ya aika. Kafin in ɗaga kai, allo ya ce `UPDATE 8412`, wato kowa da kowa, har da wanda ya ari littafi jiya. Layi na biyu ya biyo baya shi kaɗai kamar maraya, saba ta ce ba ta gane `WHERE` a farkon jimla ba. Kuskuren da ta nuna mini a kan layin da bai yi laifi ba ne; wanda ya yi ɓarnar kuwa ya wuce salin-alin, domin ta fuskar nahawun SQL, harshen da ake yi wa rumbu magana da shi, babu abin da ya same shi.

Na buga `ROLLBACK` don ganin idona. Ya ce babu wani aiki a buɗe da za a janye. Haka `psql` yake tun asali: kowane umarni da ya yi nasara, nan take yake tabbata, sai fa in kai ka ce `BEGIN` tun farko. Na share rumbun gwajin, na sake zubo shi daga kwafin jiya. Minti kaɗan aikin ya ci, amma na daɗe zaune ina tunanin da a ɗaya tagar na manna shi. Tagogin biyu suna buɗe gefe da gefe, kamarsu ɗaya.

Masu MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, suna da wani birki da ake kunnawa, `--safe-updates`, mai hana `UPDATE` ko `DELETE` da ba a ƙayyade masa layukan da zai taɓa ba. Sunansa na biyu `--i-am-a-dummy`, wato mai kunna shi ya amsa da bakinsa cewa shi dolo ne. Da na ga sunan a da dariya na yi. Yau da `psql` yana da irinsa, da na kunna ba tare da jin kunya ba.

Abin da na yi maimakon haka, a cikin `~/.psqlrc`: na sa `\set AUTOCOMMIT off`, don kada komai ya tabbata sai na furta `COMMIT` da kaina. Na kuma sauya alamar shigar da umarni ta riƙa nuna sunan saba da na rumbu, na ainihi da jan launi.

Talata, 11 ga Maris

Na fara koyon karanta ƙananan alamomin da ke gaban wurin rubutu, waɗanda a da nake tsallakewa. `=>` na nufin yana jiran sabon umarni. `->` na nufin ka fara magana ba ka ƙarasa ba. In tauraro ya shigo, `=*>`, akwai aiki a buɗe da bai tabbata ba. In alamar motsin rai ce, `=!>`, aikin ya riga ya ci karo da kuskure, duk abin da ka ƙara ba zai karɓu ba sai ka janye. Tun daga siga ta 13 ake nuna tauraron ba sai an roƙa ba.

Tsarin da na tsaya a kai yanzu: in fara rubuta `SELECT count(*)` da sharaɗin da nake so, in ga adadin. Sai `BEGIN`, sai `UPDATE` da wannan sharaɗin dai, in ƙara masa `RETURNING` don ya nuna mini layukan da ya taɓa. In lambar da ta fito ta yi daidai da ta farko, `COMMIT`. In ta saɓa ko da ɗaya ne, `ROLLBACK`, in koma in gano dalili. Da haka na rufe tsofaffin rajistocin a rumbu na ainihi. Sun kai 1,960.

Laraba, 12 ga Maris

Maganin ranar Alhamis ya haifi tasa cutar. Da hantsi na gyara lambar wayar wasu masu aro, aka kira ni wani aiki, na tashi na bar tagar. Ban ce `COMMIT` ba. Bayan kamar minti ashirin abokiyar aikina da ke karɓar littattafai ta leƙo: "Malam, allon nan ya ƙame a kan mutum ɗaya, sai juyawa yake, ga layi ya taru."

Na shiga ta wata taga na duba `pg_stat_activity`. Ga zaman tagar da na bari can, an rubuta masa `idle in transaction`, ba ya aikin komai amma yana riƙe da kulle a kan layukan da ya taɓa. Manhajar karɓar littattafai tana son ta rubuta a layin ɗaya daga cikin mutanen, sai ta tsaya jira, kuma jiran ba shi da iyaka. Abin da ya ɓoye matsalar shi ne masu karanta bayanai kawai daga rumbu ba su ji komai ba. A PostgreSQL, idan ka sauya layi, ba a goge tsohon nan take. Ana rubuta sabon zubi a gefe, sauran jama'a suna ci gaba da ganin tsohon har ka tabbatar. Mai karatu ba ya jiran mai rubutu. Mai rubutu ne ke jiran ɗan'uwansa mai rubutu.

Na koma tagar farko na ce `COMMIT`, nan da nan layi ya motsa. Daga baya na sa wa asusuna `idle_in_transaction_session_timeout` na minti biyar. In na sake mantawa, saba za ta yanke ni ta janye aikin. Gara in sake buga umarni uku da in tsayar da mutane.

Litinin, 17 ga Maris

Makon rajista mai maimaici. Na haɗa su da adireshin imel bayan na mayar da haruffa ƙanana na kuma datse sararin da ke gefe: `GROUP BY lower(trim(imel)) HAVING count(*) > 1`. Kafin in yi wannan datsewar rabin tagwayen ba sa fitowa, saboda sarari guda a ƙarshen adireshi ido ba ya ganinsa amma rumbu yana lissafa shi.

Wurin da na sha wuya daban ne. Ina neman masu rajistar da ba su taɓa aron komai ba, don su ne mafi sauƙin sharewa cikin tagwayen. Na rubuta `WHERE id NOT IN (SELECT mai_aro FROM aro)`. Amsa: babu ko ɗaya. Na san ƙarya ne, don ga wata rajista a gabana da aka buɗe makon jiya ba a ari komai da ita ba. Na sake karanta tambayar har sau biyar ina neman harafin da ya kauce, ban samu ba.

Ashe a teburin `aro` akwai wasu tsofaffin layuka da gurbin `mai_aro` ɗinsu fanko ne, `NULL`. Shi kuwa `NULL` a SQL ba sifili ba ne, ba kuma rubutu marar komai ba ne; ma'anarsa "ba a sani ba". In ka ce wa rumbu lamba 7 ba ta cikin jerin 3, 5 da wani abu da ba a sani ba, ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba, zai ce shi ma bai sani ba, domin mai yiwuwa wancan abin da ba a sani ba 7 ne. `WHERE` kuma ba ya sakin layi sai amsa ta zama e tsantsa. Ƙwaya ɗaya ta `NULL` a jerin ta isa ta haɗiye sakamakon duka, ba kuskure, ba gargaɗi. Na sauya zuwa `NOT EXISTS`, mutanen suka bayyana.

Wannan ya fi ba ni tsoro a kan na ranar 6. Wancan ya yi ihu da babbar lamba. Wannan kuwa amsa ya ba ni mai kama da gaskiya, kuma da rahoto nake haɗawa da na miƙa shi haka.

Na sa `\pset null '∅'` a `.psqlrc`, don a allo in riƙa bambance gurbin da ba a sani ba da gurbin da aka bari ba rubutu. A da duk fari suke fitowa.

Alhamis, 20 ga Maris

Haɗe tagwaye aiki ne mai mataki uku: a mayar da tarihin aron rajistar da za a share zuwa wadda za a bari, a share ta, a rubuta abin da aka yi a teburin `tarihin_gyara` da na ƙirƙira. Na zuba su a fayil, `hade_tagwaye.sql`, na gudanar a rumbun gwaji da `psql -f`.

Mataki na farko ya faɗi saboda na ɓata sunan ginshiƙi. `psql` ya buga kuskuren, ya zarce mataki na biyu abinsa. Haka ɗabi'arsa take da fayil: ya yi tuntuɓe, ya karkaɗe jiki, ya ci gaba. Na ƙara abu biyu, `-v ON_ERROR_STOP=1` don ya tsaya cak a kuskuren farko, da `-1` don fayil ɗin duka ya zama dunƙule ɗaya, ko duka su tabbata ko babu wanda zai tabbata. Da `ON_ERROR_STOP`, in ya tsaya yana fita da lamba 3, wadda za ta yi mini amfani in na zo sa shi ya riƙa tashi da kansa. Lamba 2 kuma tana nufin haɗin da saba ne ya tsinke.

An gama haɗewa a rumbu na ainihi da yamma, bayan an rufe ɗakin.

Juma'a, 21 ga Maris

Jerin littattafan da aka ƙirga a kanta ya zo a fayil ɗin CSV. `COPY` ya ce bai ga fayil ɗin ba. Gaskiyarsa ne, shi a kan saba yake nema, fayil kuma yana kwamfutata. `\copy` mai karkataccen layi a gaba shi ne ke karantawa daga inda nake zaune ya tura, sai dai dole umarninsa ya zauna a layi ɗaya. Ban zuba kai tsaye cikin `littattafai` ba. Na buɗe teburin wucin gadi, na zuba nan, na gwada shi da na ainihi, sannan na gyara matsayin waɗanda suka dawo. A lura: a CSV gurbin da aka bari wayam `NULL` yake zama, mai alamar zance biyu ba komai a tsakani kuma ya zama rubutu fanko. Darasin ranar Litinin ya sa na duba wannan tun kafin ya cije ni.

Alhamis, 27 ga Maris

Tambayar rahoton mako tana nauyi. `\timing` ya nuna tana haura daƙiƙa tara. Na sa `EXPLAIN ANALYZE` a gabanta, na ga `Seq Scan` a kan `aro`, wato tana bin teburin layi-layi tun daga farko. Na ɗauka tunda `mai_aro` yana ɗaure da `masu_aro`, akwai fihirisa mai hanzarta nema a kansa. Babu. PostgreSQL yana yi wa babban makulli na tebur fihirisa da kansa, amma ba ya yi wa ginshiƙin da ke nuni zuwa wani tebur. Wannan aikinka ne.

Gargaɗi ga kaina: `EXPLAIN ANALYZE` ba hasashe yake yi ba, gudanar da umarnin yake yi da gaske don ya auna. A gaban `SELECT` ba komai. A gaban `DELETE` sharewa zai yi. In zan auna irin wannan, sai cikin `BEGIN` da `ROLLBACK`.

Na gina fihirisar da `CREATE INDEX CONCURRENTLY` don kada in hana masu karɓar littattafai rubutu yayin ginin. Ta ƙi. Ta ce ba ta aiki cikin dunƙulen aiki, ni kuwa na kashe tabbatarwa ta kai tsaye tun ranar 6, don haka tambayoyin da na yi kafin nan sun bar dunƙule a buɗe. Na rufe dunƙulen da `ROLLBACK`, sannan na gina. Rahoton ya sauko ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Ina jiran ginin ne na tuna cewa harshen nan da nake ta faman bugawa ya girme ni nesa ba kusa ba. Edgar Codd ya fitar da tunanin tsara bayanai a tebura masu alaƙa a 1970, Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gina harshen tambaya a kansa a IBM cikin shekarun 1970, shi kuma Postgres, tushen PostgreSQL, ya faro a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986 ƙarƙashin Michael Stonebraker. Manhajoji masu maɓallai nawa aka yi aka manta a tsakanin nan, `SELECT` yana nan inda yake.

Laraba, 2 ga Afrilu

Saura rahoton ya riƙa fita da kansa duk Juma'a. A nan faɗan ba da rumbu ba ne, da alamomin zance ne. SQL yana son rubutu cikin alamar zance guda, Bash, manhajar da ke karɓar abin da na buga a layin umarni, kuma yana da nasa fahimtar game da guda da biyu, kuma cikin biyu yana cinye duk abin da ya fara da alamar dala. Na so in tura kwanan wata ta `-v rana=...` in kira shi da `:'rana'` cikin `-c`. Bai yi ba. Abin da aka ba `-c` kai tsaye yake tafiya saba, `psql` ba ya cike masa gurabe. Na mayar da tambayar cikin fayil na kira da `-f`, sai ta yi. Na ƙara `--csv` don sakamakon ya fito yadda za a buɗe shi a manhajar lissafi, da `-X` don kada ya karanta `.psqlrc` ɗina, in ba haka ba alamar `∅` da `\timing` su kutsa cikin rahoton mutane.

Sai `cron`, mai tayar da umarni a lokacin da aka tsara masa. Na gwada umarnin da hannu ya yi lafiya, na sa shi a jadawali don gwaji, shiru. Laifin `date +%F` ne da na sa cikin sunan fayil: a `crontab` alamar kaso tana nufin sabon layi, sai an sa mata karkataccen layi a gaba. Maimakon in yi ta kokawa da ita, na kwashe komai na zuba a fayil ɗin Bash guda, `cron` ya riƙa kiran sa kawai. Na rubuta cikakkiyar hanyar `psql` a ciki, don `cron` ba ya sanin duk wuraren da tagata ta sani.

Na buɗe wa rahoton asusu na daban wanda ba shi da izinin komai sai `SELECT` a kan teburan uku. Na gwada `DELETE` da shi da gangan a rumbun gwaji, aka ce ba shi da izini.

Fayilolin `.sql` sun kai goma sha ɗaya yanzu, na sa su cikin Git, mai adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, kowanne da kwanan wata a gaban sunansa. Abin da ya rage: layukan nan na `aro` marasa mai aro. Guda 37 ne, duk tsofaffi. Ba zan iya sa wa ginshiƙin `NOT NULL` ba sai an san makomarsu, kuma shawarar ba tawa ba ce, na tura wa shugabar ɗakin jerinsu. In ta amsa, zan yi `ALTER TABLE` da daddare tare da `lock_timeout` na daƙiƙa uku, don yana neman kulle teburin gaba ɗaya, in kuma ya tsaya jiran wani, duk wanda ya zo bayansa zai tsaya, har masu karanta bayanai kawai. Jibi Juma'a da ƙarfe shida na safe rahoton farko zai fita. Zan duba lambar da ya fita da ita kafin a buɗe ɗakin.